Zinaren Rumawa: Yadda Ake Gane Na Gaskiya

Yau shirinmu zai duba tsabar zinaren daular Rum da yadda masana ke tantance ta.

Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai aureus, mai nauyin kusan giram 8 a zamanin Sarki Agustus, kafin Sarki Nero ya rage shi zuwa kusan giram 7.3 a shekara ta 64 Miladiyya. Sai solidus, mai giram 4.5, wanda Sarki Kostantin ya fito da shi a farkon ƙarni na 4. Da irinsa Larabawa ke ciniki, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira.

Idan tsaba ta zo hannun masani, ma'auni yake fara ɗauka, domin nauyi kan tona asirin jabu. Daga nan sai ya karanta rubutun da ya kewaye kan sarki. Haruffan COS da lambar da ke biye da su suna nuna karo na nawa sarkin ya riƙe muƙamin kwansul, kuma daga nan ake ƙiyasta shekarar bugawa. Sai ya duba gefen tsabar da tabarau. Rumawa da guduma suke buga kuɗinsu, don haka ƙananan ramuka a fuska ko layin haɗi a gefe alama ce ta zubi, wato aikin 'yan damfara.

Amma ko tsabar ta gaske ce, sai an san daga ina ta fito. A birnin Trier na Jamus, a 1993, an tono tsabar zinare fiye da 2,500 a wuri guda, kuma saboda an san inda suka kwanta, masana tarihi sun ƙaru da su matuƙa. Shi kuwa wani zinaren Rumawa mai sunan Burutus da hoton wuƙaƙe biyu, da aka sayar a Landan a 2020 kan fam miliyan 3 da ɗoriya, an mayar da shi Girka a 2023, bayan an gano takardun asalinsa na bogi ne.

Don haka, mai sha'awar tara irin waɗannan kuɗi, kada ka goge tsabarka har ka kankare mata rubutu, kuma kada ka sayi wadda ba a san asalinta ba.