Zafi na shiga, zafi na fita: Darasin Kemistirin da ya wuce ɗakin jarrabawa

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya san zanen nan: layi ya taso daga hagu, ya hau tudu, ya gangara dama. Malam ya rubuta ΔH a gefe, ya sa masa alamar ragi ko ta ƙari, ya ce a haddace domin WAEC da NECO da JAMB ba sa rabuwa da shi. Sai a haddace, a zuba a takarda, a fito a manta. Alhali babin nan na sauyin makamashi yayin haɗuwar sinadarai shi ne ke aiki a murhun gidanku, da janaretan maƙwabta, da tankar man da ta kife a bakin titi. Wanda ya gane shi zai ci maki, kuma wata rana yana iya tsira da ransa.

Lissafin jari da ciniki

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra masu riƙe da juna. Kafin a raba su sai an kashe makamashi, idan kuma suka ƙulla sabon riƙo sai su saki makamashi. Ka ɗauke shi kamar jari da ciniki. In abin da aka saki ya fi wanda aka kashe, rarar za ta fito a matsayin zafi. Wannan ita ce haɗuwa mai fitar da zafi, wadda a aji ake kira ekzotamik, kuma ΔH ɗinta na ɗaukar alamar ragi domin sinadaran ne suka yi asarar zafin. In kuwa abin da aka kashe ya fi yawa, dole a ranto zafi daga waje. Ita ce mai shan zafi, endotamik, mai alamar ƙari.

Gas ɗin girki misali ne na farko. Giram 44 na furofen, ɗaya daga cikin iskokin da ke cikin tukunyar gas, yana ba da kusan kilojul 2,220 idan ya ƙone sarai. Tafasa lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa 100 yana cin kusan kilojul 315. Ke nan da ba a asarar zafi ta gefen tukunya, wannan ɗan gas ɗin ya isa ya tafasa lita bakwai. Ka ga dalilin da rufe tukunya da murfi yake rage kuɗin gas.

Jikinka ma haka yake yi, a hankali dai. Giram 180 na sukarin gulukos yana sakin kusan kilojul 2,800 idan jiki ya sarrafa shi da iskar oksijin. Daga ina ya samo? Daga rana. Ganyen gero da dawa ne suka sha hasken rana suka adana shi a ƙwaya, kai kuma ka karɓa a tuwo. Makamashi ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa.

A masana'antun siminti na Ashaka da Sakkwato da Obajana, sai an gasa dutsen farar ƙasa zuwa wajen digiri 900 kafin ya rabu ya saki iskar kabon dayoksaid, tanda kuma takan kai digiri 1,450. Aiki ne mai shan zafi sosai, shi ya sa tsadar makamashi take taɓa farashin buhu. Da birkila ya kwaɓa simintin da ruwa kuma, sai labari ya juya, kankare ya riƙa fitar da ɗumi yana daskarewa.

Tudun da ke tsakiyar zanen

Ga tambaya: in dai fetur da iska suna fitar da zafi in sun haɗu, me ya hana jarkar mai kama da wuta da kanta? Amsar ita ce tudun nan. Kowace haɗuwa tana buƙatar ɗan turi na farko, wato makamashin tashi, ra'ayin da masanin ƙasar Suwidin Svante Arrhenius ya kawo a 1889. Ƙyasta ashana shi ne turin. Da zarar ƙwayoyin farko sun haye, zafin da suka saki shi zai tura na bayansu, daga nan abu ya fi ƙarfin kowa.

Tudun fetur ba ya buƙatar turi mai yawa. Ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri yana fitar da tururi mai kamawa, balle a zafin Arewa. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yana rarrafe ne a ƙasa, yana bin kwata da rami, ya yi nisa da inda man ya zuba. Tartsatsi ɗaya ya isa.

A watan Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. A Janairun 2025 aka sake ganin irinsa a mararrabar Dikko ta jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu. Talauci na cikin abin da ke tura mutane wurin, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya gefe yana ɗaukar bidiyo don TikTok fa, shi ma a cikin tururin yake tsaye. In ka ji warin fetur, to ka riga ka shiga da'irar haɗari. Ka bar wurin, ka ja na kusa da kai.

Haka in gas ya zube a kicin. Kar ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin cikinsa ya isa turin farko. Ki rufe tukunyar, ki buɗe taga da ƙofa, kowa ya fita.

Wutar da ba ta ƙoshi da iska ba

Idan wuta ta samu isasshen oksijin, abin da take fitarwa shi ne kabon dayoksaid da tururin ruwa. In iska ta yi ƙaranci, sai ƙonewar ta tsaya a rabi, ta haifar da kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Yana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Janareta a zaure ko a bakin taga, da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, su ne manyan hanyoyinsa. Harshen wutar gas ɗinki ma yana ba da labari: shuɗi na nufin ƙonewa ta cika, rawaya mai sa tukunya baƙi na nufin iska ba ta isa ba.

Ga masu shirin jarrabawa

Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji mai kaya, amma wannan babin ana iya taɓa shi da hannu. Zuba garin sabulun wanki a jiƙaƙƙen tafinka, za ka ji ɗumi. Narka takin yuriya a kofin ruwa, za ka ji kofin ya yi sanyi. Ga fitar zafi, ga shan zafi. In akwai ma'aunin zafi, auna ruwan kafin da bayan narkawa, ka ninka nauyinsa a giram da 4.2 da bambancin digirin, ka samu adadin jul. Lissafin da ake tambaya ke nan.

Wurare biyu ne aka fi zubar da maki. Na farko alamar ΔH: in kofi ya yi zafi, alamar ragi ce. Na biyu katalis: yana rage tsayin tudu ne kawai, ba ya canza ΔH. Sai dokar Hess ta 1840, wadda ke cewa jimillar zafin ba ta damu da hanyar da aka bi ba, mafari da ƙarshe ne abin dubawa.

Ku 'yan kimiyya da kuka iya wannan, ku kawo mana shi da Hausa a bidiyon minti ɗaya. Mu 'yan koyon aikin jarida namu yaɗawa ne. Kafin sanyin bana ya shigo, a tabbata kowane zauren WhatsApp na dangi ya ji dalilin da ba a kwana da gawayi a ɗaki.