Kalmomin Zafi da Ingilishi Ya Aro daga Faransanci, Ya Kuma Yar

Duk wanda ke sauraron labarai da Faransanci a Yamai ko Maraɗi ya san kalmar canicule, wadda ake kiran matsanancin zafi na kwana da kwanaki da ita. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Ingilishi ma ya taɓa aro ta, tare da 'yan'uwanta da dama, amma yau wasunsu sai a tsofaffin littattafai ake cin karo da su.

Ƙofar aron ta buɗe ne a 1066, lokacin da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, talaka kuma yana ta Ingilishinsa a gona. Dubban kalmomi suka kwararo, har da season, wato lokaci na shekara, da autumn, wato kaka.

A fagen zafi, wadda ta fi daɗin labari ita ce canicule ɗin. Asalinta Latin ne, ma'anarta "ƙaramar karya", laƙabin Siriyus, tauraron da ya fi kowane haske a sararin dare. Rumawa sun lura cewa yana fitowa tare da rana daidai lokacin da zafi ya kai maƙura, a watannin Yuli da Agusta, sai suka ɗora masa laifin. Likitocin da har gargaɗi suke yi kada a tsaga jijiya ko a sha maganin wankin ciki a waɗannan kwanaki. Masu ilimin Ingila sun daɗe suna rubuta canicular days, amma mutanen gari suka fassara abinsu kai tsaye, suka ce dog days, kwanakin kare. Fassarar ce ta rayu. Tauraron dai ba ruwansa da zafin. Karkatar da duniya ke yi wajen rana ce ke kawo shi.

Akwai estival, abin da ya shafi lokacin zafi, wadda yanzu kusan sai a bakin masana tsirrai da dabbobi. Akwai kuma calenture, da ta taso daga Sifaniyanci ta ratsa ta Faransanci: zazzaɓin da ke kama matuƙan jirgin ruwa a yankuna masu zafi. An ce mai fama da shi yakan ga teku kamar koren fili, har ya nemi faɗawa ciki. Daniel Defoe ya sa wannan ciwo ya kama jarumin littafinsa Robinson Crusoe, na 1719, a tafiyarsa zuwa gaɓar Gini. Da likitoci suka fara bambance zazzaɓi iri-iri, kalmar ta rasa aikin yi.

Wasu ba mutuwa suka yi ba, ƙaura suka yi. Ardour da fervour a da ƙuna da tafasa suke nufi na zahiri, har da na rana, yanzu kuwa sun koma zafin zuciya, na soyayya ko na addini. Chafe, daga tsohon Faransanci mai nufin ɗumama abu, ta koma gugar da ke saɓule fata.

A ganina dalilin a fili yake. Maganar yanayi ta kowa ce, kullum ana yin ta, kuma wanda rana ke dukan ƙeyarsa a gona ba ya jiran kalmar fada kafin ya yi kuka. Shi ya sa summer da hot da heat, waɗanda suka girmi zuwan William, ba su gusa ba. Da aka buƙaci sabon suna a ƙarni na 19, daga cikin gida aka ƙera heat wave.

A Faransa kuwa canicule na nan daram, kuma ta ƙara nauyi tun Agustan 2003, lokacin da zafi ya kashe mutane wajen 15,000 a ƙasar, yawancinsu tsofaffi. A 2004 gwamnati ta kafa shirin ko-ta-kwana na shekara-shekara mai ɗauke da wannan suna.