Ko Ka Sani? Gwaggon Birin Wikki

Duk magidancin da ya taɓa kwasar iyalinsa ya nufi gandun dajin Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi, domin yara su yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki, ya san cewa tun kafin ya ga giwa ko ɓauna, kai tun kafin ya gangara matakalar da ke kai mutum bakin ruwa, akwai wanda zai riga kowa yi masa maraba alhali bai gama sauke kaya daga mota ba, watau gwaggon biri. Ruwan shi kansa aya ne daga cikin ayoyin Ubangiji, domin yana ɓuɓɓugowa ne daga gindin wani dutse, garai-garai har ana hango farin yashin da ke ƙasansa, ɗuminsa kuwa ba ya gushewa daga digiri 31 dare da rana, rani da damina, har ma a tsakiyar hunturu mutum na iya faɗawa ciki da sassafe bai yi makyarkyata ba. Kimanin lita miliyan 21 ke fita kowace rana su gangara kogin Gaji. Amma idan an koma gida an zauna hira, galibi labarin wanda ya fizge ledar burodi daga hannun autan gida shi ke cinye zaman.

To, ko ka san cewa wannan tsageran da ke zaune a ƙofar ɗakinka yana sosa haƙarƙari, jinsinsa ya fi kowane irin gwaggon biri yaɗuwa a Afirka? Ana samunsa a ƙasashe kimanin 25, tun daga Mali har Habasha da Tanzaniya, har ma akwai wasu 'yan tsiraru da suka maƙale a duwatsun Azbin na Nijar, hamada ta kewaye su ta kowace fuska. Namiji yakan kai kilo 24, mace kuwa wajen kilo 15, kuma fiƙar ƙasurgumin namiji na iya kaiwa santimita 5, abin da ya sa damisa ma, wadda ita ce babbar abokiyar gabarsu, takan yi shawara da zuciyarta kafin ta tunkari garke da rana tsaka. Allah ya hore masa aljihu biyu a cikin kumatu, inda yake cusa abinci da gaggawa ya tafi ya tauna a natse, sa'an nan ya yi masa kanta mai kauri a mazaunai, wadda saboda ita ne yake iya kwana a zaune bisa reshe ko gefen dutse har gari ya waye.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a yi tadabburi a kansa shi ne tsarin zamansu. Garke ɗaya yakan ƙunshi birai daga 15 har zuwa 150, kuma mai kallo daga nesa, da ya ga manyan mazaje suna taƙama suna korar na ƙasa da su, sai ya zaci mulkin a hannunsu yake. Haƙiƙa kuwa mata su ne 'yan gida. Mace a garken da aka haife ta take rayuwa har ajalinta, tare da uwarta da kakarta da 'yan uwanta, namiji kuwa da zarar ya balaga sai ya yi hijira zuwa wani garke inda ba shi da kowa, ya shiga neman gindin zama, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da lallami, ta hanyar ƙulla abota da wata uwa, yana tsince mata kaska, yana yi mata renon ɗa. Matsayi a tsakanin mata gado ne, 'yar babba babba ce tun tana jaririya, kuma, saɓanin tarbiyyarmu da ta ɗora yaya bisa ƙanwa, a wurinsu ƙanwa ce kan hau gaban yayarta idan ta girma, domin uwa ta fi tsaya wa ƙaramar. Ciki wata 6 ne. Jariri yakan zo da baƙin gashi da jar fuska, ya maƙale a cikin uwarsa tana tafiya da shi, sai bayan 'yan watanni ya koma bayanta ya zauna daram.

Suna da harshe kuma, wanda ya kamata uba ya karantar da 'ya'yansa tun a mota. Idan namiji ya dube ka ya wage baki kamar mai hamma, ba barci yake ji ba, makamansa yake gwada maka; idan ya ɗaga gira har farar fatar idonsa ta bayyana, ko ya shiga dukan ƙasa da hannu, gargaɗi ne. Ƙura masa ido tsokana ce a shari'arsu. Maziyarta da yawa sun lura cewa ya fi raina mata da yara, kuma ya san leda, ya san kular abinci, ya san yadda ake murɗa mariƙin ƙofa. In ya riga ya kama jaka, a sakar masa, domin babu tuwon da ya kai a yi kokawa da mai irin waɗannan fiƙoƙi. Abinci ya zauna a mota ko a ɗaki a kulle, tagogi a rufe, kuma kada a bar yaro ya gangara ruwa shi kaɗai da abin ci a hannu.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa ba da wannan rashin kunya aka halicce shi ba. An keɓe Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962, saboda haka biran sansanin Wikki sun gaji iyaye da kakanni waɗanda suka buɗi ido suka ga ɗan Adam yana jefa musu ɓawon ayaba yana dariya. Birin daji yakan ɓatar da kusan rabin yininsa yana tonon saiwa, yana tsintar 'ya'yan itace da ƙwari, wani lokaci ya dace da zomo ko ɗan barewa. Wanda kuwa ya gane cewa burodi guda ya ɗauke masa wahalar sa'o'i, wace hujja za ta mayar da shi tono? Na san akwai masu jefa musu abinci da kyakkyawar niyya, suna tuna abin da malamai suka karantar na ladan ciyar da dabba. Niyyar ba ta da aibi, amma a ganina sadakar da za ta mayar da mai karɓarta ɗan fashi, ta kuma sa masa cuta, tana bukatar a sake duba ta.

Hujja a kan cutar ta zo daga Kenya. A Amboseli, inda Jeanne Altmann da abokan aikinta suka fara bibiyar wani jinsi ɗan uwan namu tun 1971, an auna matan garken da ke ci a jujin wani masaukin baƙi aka tarar sun kusa kilo 17, alhali takwarorinsu masu kiwo a daji suna wajen kilo 11, kuma galibin bambancin kitse ne, irin wanda ke tafe da alamun ciwon sukari.

Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne abin da Robert Sapolsky, wani masani Ba'amurke, ya shaida a wani garke na jinsin namu a yankin Masai Mara. A farkon shekarun 1980 mazajen garken mafiya ƙarfi da zafin rai suka riƙa yin sammako zuwa jujin wani masauki, inda sai mai iya faɗa ke samun rabo, har aka zubar da nama mai ɗauke da tarin fuka na shanu, ya hallaka kusan rabin mazajen, kuma waɗanda suka mutu su ne azzaluman. Aka bar mata da salihan maza, cizo ya ragu, tsintar kaska ta yawaita. Bayan shekara 10, lokacin da babu ko ɗaya daga mazajen farko da ya saura a garken, sai aka tarar halin yana nan, domin samarin da suka yi hijira suka shigo daga wasu garkuna sun iske ana zaman lafiya, matan gida sun karɓe su da wuri, su ma suka bi sahu. Sapolsky da Lisa Share sun wallafa wannan bincike a shekarar 2004.