Ba Kowane Kumburin Saifa Ne Na Sauro Ba

Daga Wakilinmu, Kontagora

A Kontagora da ƙauyukanta, idan hagun cikin mutum ya kumbura ya yi tauri, sai a ce saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga. Tsagar takan warke, amma ciwon yana nan ciki.

Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro shi ne kan gaba wajen kumbura saifa a ƙasarmu. Binciken da Dokta Bryceson da abokan aikinsa suka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda aka buga a 1976, ya nuna irin wannan kumburin ya fi kama Fulani, kuma yakan saɓe idan aka daɗe ana shan maganin zazzaɓi.

To, amma akwai wata cuta wadda ba safai ake ganinta ba, likitoci na kiranta amiloyidosis. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa wa abin da ke haddasa ta suna a 1854. Idan ciwo ya daɗe a jiki, kamar tarin fuka, ko kuturta, ko gyambon da ya ci ƙashi, hanta takan yi ta zuba wani sinadari cikin jini. Shi ne yake daskarewa cikin ƙoda da saifa da hantar kanta.

Ƙoda ta fi shan wuya, ƙafafu su kumbura, fitsari ya yi kumfa. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Hanta takan girma ta yi tauri, idan kuwa idanu suka yi rawaya, abin ya yi nisa. Saifa kuma takan fashe ko ba a buge ta ba, jini ya zuba cikin ciki. Nan sai tiyata cikin gaggawa.

Ba a tabbatar da cutar sai an ɗebi ɗan nama an shafa masa wani jan rini an duba a madubin likita.

Saboda haka jama'a, maganin tarin fuka da na kuturta kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma kashe su da wuri shi ke toshe wa wannan cuta hanya. Mai kumburin saifa ya tafi Babban Asibitin Kontagora tun ƙafarsa na ɗaukarsa, kada ya bari a danna masa ciki ko a tsaga.