Riga, Alƙalami da Ungulu: Yadda Ƙungiyar Ɗalibai Za Ta Tara Kuɗin Ceton Dabbobi

Gabatarwa

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya san zamanin da ba a shiga mahauta ba tare da an tarar da ungulaye sun yi layi a kan katanga suna jiran a zubar da tumbi ba. A yau kuwa, akwai ɗalibai da yawa da suka kammala sakandare ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba, sai dai su ji sunanta a karin magana. Wannan ne ya sa na yi murna da wasu 'yan ƙungiyar kimiyya ta wata makarantar sakandare suka same ni a ofis, suka ce suna son buga riguna irin waɗanda ake kira tishat, su sayar, su ba da ribar ga masu aikin ceton wannan tsuntsuwa. Amma da suka miƙo mini samfurin rigar sai murnata ta ragu, domin yadinta na roba ne, fentin da aka yi zanen da shi ma na roba ne, sannan an ƙunshe ta a cikin leda. Wato za a ceci halitta ɗaya da hannun dama, a cuci wasu da hannun hagu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana wa ɗalibai da malamansu yadda za a gudanar da irin wannan aiki ba tare da an gurɓata muhalli ba, da kuma rawar da rubutun ƙirƙira zai taka wajen cin nasararsa.

Me ya sa sai ungulu?

Ungulun da muka saba gani a garuruwanmu ita ce masana ke kira Necrosyrtes monachus. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya ta a rukunin halittun da ke gab da ƙarewa. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya nuna cewa nau'o'in ungulu takwas na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30. Guba ce ta haddasa kashi 61 cikin 100 na mace-macen da aka ƙididdige, farautar tsuntsun domin sayar da sassan jikinsa ga masu magani da tsibbu kuma ta ɗauki kashi 29. A watan Yuni na 2019, ungulaye 537 suka mutu a ƙasar Botswana bayan sun ci mushen giwaye uku da mafarauta suka barbaɗa wa guba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, don haka cike gurbin waɗanda suka mutu yakan ɗauki shekaru masu yawa.

Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne hasararmu? Ruwan cikin ungulu yana da tsananin tsami, domin a ma'aunin da ake kira pH yana kusa da 1, kuma yana hallaka mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Ƙasar Indiya ta ɗanɗana rashin wannan hidima. Daga farkon shekarun 1990 ungulayenta suka shiga mutuwa, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 aka tabbatar da cewa maganin diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa ne yake lalata ƙodar duk ungulun da ta ci mushensu, aka kuma hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan mushe ya taru, karnukan da ba su da iyayengiji sun yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Masana biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa wannan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Abin da riga ɗaya ke ci

Kafin a buga riga, wajibi ne a san abin da samar da ita ke ci wa duniya. An ƙiyasta cewa tishat ɗaya ta auduga tana cin ruwa kimanin lita 2,700, daga gona zuwa kanti. Idan aka auna da jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25, jarka 108 ke nan. Mafi yawan wannan ruwa a gona yake tafiya. Tafkin Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan ya isa misali. Shi ne na huɗu a girma a duniya a da, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000, amma daga shekarun 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, har mafi yawansa ya ƙafe, jiragen kamun kifi suka saura a kan rairayi.

Yadin foliyesta kuwa daga man fetur ake samar da shi, ba ya ruɓewa da wuri, kuma duk wanki sai ya zubar da ƙananan zaruruwa. Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun nuna a 2016 cewa wanki ɗaya na kayan roba masu nauyin kilo 6 yana iya sakin zare fiye da 700,000, waɗanda ke bin magudana zuwa koguna, kifaye su haɗiye.

Saboda haka rigar da ta fi dacewa da wannan aiki ita ce wadda aka riga aka saƙa, wato farar tishat ta auduga daga dilar gwanjo, ko wadda iyaye da tsofaffin ɗalibai suka bayar kyauta. An riga an biya kuɗin ruwanta, kuma ƙara mata shekaru ya fi saƙa sabuwa. Idan ana shakkar yadin, sai a zare zare ɗaya daga cikin kalmasa, a kusanta shi ga ashana a gaban malami. Auduga takan ci da wuta, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta kuwa narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri.

Kimiyyar da ke cikin karofi

Game da launi, ba mu da bukatar zuwa nesa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda tarihin baka ya danganta kafuwarta da shekarar 1498, makaranta ce ta ilimin sinadarai. Ganyen baba, wanda masana ke kira Indigofera, ba shuɗi ba ne. Yana ɗauke da wani sinadari marar launi mai suna indikan, wanda ke rikiɗewa ya zama shuni idan an jiƙa ganyen. Sai dai shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. Nan ne hikimar marina ta bayyana. Sukan zuba baba da toka da katsi a karofi, su bar su kwanaki suna ruɓa. Toka tana ba ruwan kaifi irin na kanwa, ƙwayoyin bakteriya kuma suna cinye iskar oksijin da ke ciki, su mayar da shunin wani nau'i mai narkewa, mai launin ɗorawa da ya karkata ga kore. Idan aka tsoma riga aka fito da ita, za a ga ta yi kore, sannan a gaban ido ta koma shuɗiya yayin da iska ta taɓa ta. Shunin ya koma halinsa na rashin narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Yawan tsomawa shi ne ke ƙara duhun launi. Irin wannan rini auduga yake kamawa, ba ya kama foliyesta.

A nan akwai jan kunne. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, rinin bature ya mamaye kasuwa, kuma masu rini da yawa suna haɗa shi da soda mai ƙuna da wasu sinadarai masu cutar da halittun ruwa. Ya kamata ɗalibai su je marina da kansu, su tambaya, su gani da idonsu cewa da baba za a rina musu.

Zane kuma ba sai da fentin roba ba. Ana iya ɗaure sassan rigar da zare kafin rini, ko a yanke siffar ungulu a jikin kwali mai kauri, a ɗora a ƙirjin riga, a shafa kunun garin rogo mai kauri, a bari ya bushe sarai. Inda kunun ya rufe, rini ba zai kama ba, sai siffar ta fito fara bayan an wanke.

Aikin alƙalami

Matsalar ungulu ta wuce guba da tarko. Ba ta da farin jini. Ana kiranta ƙazama, ana buga misali da ita wajen kwaɗayi, kuma mutum ba ya fitar da kuɗinsa domin abin da yake ƙyama. Alƙaluman da na kawo a sama suna gamsar da ƙwaƙwalwa, amma labari ne ke motsa zuciya, tarihi kuwa ya tabbatar da haka. Littafin Black Beauty na Anna Sewell, wanda ya fito a 1877, doki ne ke ba da labarinsa da bakinsa, kuma ya taimaka wajen sauya yadda ake mu'amala da dawakan keken doki a Ingila. Rachel Carson, masaniyar halittun ruwa, ta buɗe littafinta Silent Spring na 1962 da ƙagaggen labarin wani gari da tsuntsayensa suka yi shiru, kuma bayan shekara goma Amurka ta hana fesa maganin ƙwari na DDT a gonaki. Mu ma a gida, aku Abubakar Imam ya bai wa baki a Magana Jari Ce.

Don haka ƙungiyar kimiyya ta haɗa kai da ƙungiyar Hausa ta makaranta. A shirya gasar gajeren labari, da waƙa, da wasan kwaikwayo, a ce ungulu ce za ta yi magana. Me za ta ce wa sarkin fawa? Wace ƙara za ta kai wa mai unguwa? Sharaɗi ɗaya ne: ƙirƙira ba ta halatta ƙarya a kan halitta ba. Malamin Hausa ya duba harshe, malamin ilimin halittu ya duba gaskiyar bayani, kada a ce ungulu ta saka ƙwai goma ko ta sure ɗan akuya mai rai. Daga rubutun da ya yi fice sai a tsamo gajeren jumla a sa a riga, alal misali: "Ni ce mai sharar garinku, ba albashi, ba godiya." Sauran rubuce-rubucen a buga su a ɗan ƙaramin littafi, a ɗaure kowace riga da shi da igiyar rama, a huta da leda. Wanda ya sayi riga ya tafi gida da hujjar sayenta, duk wanda ya tambaye shi ma'anar zanen kuma ya sami amsa.

Lissafi da amana

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne yin riguna da yawa kafin a san masu saye. Rigar da ta yi kwantai hasarar kuɗi ce, kuma hasarar ruwa da rini. A fara yin samfuri biyu ko uku, a nuna a taron safe da taron iyaye da malamai, a rubuta sunayen masu so da girman rigarsu, a karɓi kafin alƙalami, sannan a yi daidai adadin. A ƙaddara, domin misali kawai, cewa riga da rini da ɗan littafi sun tashi a kan N3,000, aka sayar N4,500. Riga 100 za ta ba da ribar N150,000. Amma idan 30 suka yi kwantai, abin da zai shigo N315,000 ne a kan N300,000 da aka kashe, wato ribar ta koma N15,000 kacal. A naɗa ma'aji daga ɗalibai, malami ya sa hannu tare da shi, a riƙa manna lissafi a allon sanarwa kowane mako.

Tun kafin a sayar da riga ta farko, a san inda kuɗin za su. Akwai Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980, kuma ta daɗe tana gangamin kare ungulu. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda za a nemi shawarar masana. A rubuta takarda ta hannun shugaban makaranta, a tambayi abin da za a yi da gudummawar, a kuma nemi rasit.

Abu ɗaya ne nake roƙon kada a yi, komai tausayi: kada a sayi ungulu ko wata dabbar dawa daga hannun mai tarko da sunan 'yanta ta. Duk wadda aka biya kuɗinta, an ba shi jarin kamo biyu gobe. Haka nan makaranta ba gidan ajiye namun daji ba ce. Idan an tsinci tsuntsu da rauni, a lulluɓe shi da zane, a sa shi a kwali mai huji a inuwa, kada a ɗura masa ruwa ko abinci, a wanke hannu da sabulu, a sanar da likitan dabbobi ko ma'aikatar muhalli ta jiha nan take.

Kammalawa

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar wayar da kai game da ungulu a duniya. Makarantar da ta fara shiri tun zango na biyu za ta iya gudanar da gasar rubutu, ta karɓi sunayen masu saye kafin dogon hutu, a yi rini a lokacin hutun, a raba riguna da an dawo. Ɗaliban da suka same ni sun karɓi wannan shawara, sun mayar da samfurinsu na roba, sun nufi marina da littafin rubutu a hannu. Ina fata malaman kimiyya da na Hausa a sauran makarantu za su zauna tebur ɗaya su jarraba, su kuma rubuto wa wannan mujalla abin da suka tarar.