Shafin da Ba Ya Jiran JavaScript

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman gurbin karatu ko neman aiki ta waya a Gombe ya san farin allon nan: 'yar da'ira na ta juyawa, data na zurarewa, rubutu ya ƙi fitowa. Nan take sai a ɗora wa sabis laifi, alhali sau da yawa matsalar daga ginin shafin take. An tsara shi ne yadda ko harafi ɗaya ba zai bayyana ba sai wayar ta sauke tarin umarnin JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Fayil guda ya maƙale a hanya, shi ke nan komai ya tsaya cak. Ga shi kuwa HTML, harshen tsara shafi wanda ya girme shi, shi kaɗai ya isa ya nuna rubutu, ya karɓi fom, ya aika.

Maginan shafuka kan ce, yau wa ke kashe JavaScript? Kaɗan ne, gaskiya. Sai dai a 2013 masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, sun auna, suka tarar kusan mutum 1 cikin 93 ba ya cin moriyar JavaScript, kuma akasarinsu ba kashe shi suka yi ba, haka kawai ya ƙi aiki. A can ke nan fa. To, ina ga mai ƙaramar waya a Pantami ko Bolari, balle ɗalibin Nafada ko Dukku da ke son yin rajista a Jami'ar Jihar Gombe? Ga kuma masu manhajar Opera Mini, wadda ke matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso, tana taƙaita JavaScript ƙwarai. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, sake loda shafi sau uku ba ƙaramar asara ba ce.

Wasu kuma su ce aiki biyu ne. Ba haka ba ne, in dai an faro daga tushe: a gina fom ɗin da ke aiki da HTML zalla, sannan a ɗora JavaScript a matsayin ƙawa, kamar fenti bayan an gama bango. Taswira mai motsi da kiran bidiyo kam ba sa yiwuwa sai da shi, babu gardama. Amma duba sakamakon jarrabawa, ko biyan kuɗin makaranta, ko karanta sanarwar ma'aikata, babu mai buƙatarsa a cikinsu. Ya kamata duk hukumar da za ta ba da kwangilar shafi a Gombe ta sa sharaɗi: ranar karɓar aiki a kashe JavaScript, a cike fom ɗin a gaban kowa, in bai tafi ba a riƙe cikon kuɗin.