Usuli Kafin Furu'a: Tarbiyyar Magina Manhajar da Ke Warwatse

Tun da kamfanoni da bankuna suka fara raba aiki guda a tsakanin kwamfutoci masu yawa, waɗansu a ɗaki ɗaya, waɗansu kuwa da teku a tsakaninsu, sai wata mas'ala ta taso wadda har yanzu malaman wannan fanni ba su gama tattauna ta ba, watau yadda za a tarbiyyantar da ɗalibi har ya iya gina manhajar da gaɓoɓinta ke warwatse, amma aikinta ya fito daidai.

Asalin al'amarin yana komawa ga masana biyu na ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, waɗanda a harshen kwamfuta na Simula, wajen shekarar 1967, suka kafa ƙa'idar haɗa bayanai da ayyukan da ake yi a kansu cikin ƙunshi guda, ta yadda manhaja za ta zama taron ƙunsoshi masu aika wa juna buƙata. Da hanyoyin sadarwa suka bunƙasa, sai aka yi kwaɗayin ƙunshin da ke wannan na'ura ya kira na waccan tamkar suna wuri ɗaya. A kan wannan manufa ne ƙungiyar OMG, wadda aka kafa a 1989, ta fitar da tsarin CORBA a 1991, Microsoft ya biyo da DCOM a 1996, kamfanin Sun kuma ya sa RMI cikin harshen Java a 1997. Darussan wancan zamani galibi sun tsaya ne a kan sarrafa kayan aiki: ɗalibi ya bayyana ayyukan ƙunshinsa da harshen IDL, ya miƙa sauran ga dillalin manhaja mai kai kira da dawo da amsa, shi ke nan a ba shi shaida.

Sai dai tun a 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa uku a ɗakin binciken Sun, a Amurka, suka kawo hujja cewa kiran nesa da na kusa ba hukuncinsu ɗaya ba, saboda illoli huɗu: jinkiri, da rashin tarayya a ma'ajiyar ƙwaƙwalwa, da gudanar ayyuka da yawa a lokaci guda, da lalacewar sashe alhali sauran na aiki. Jinkirin dai babu dabarar da za ta kawar da shi, domin haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, don haka kira daga Landan zuwa New York da dawowarsa ba zai gaza kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa ba. Wanda kuwa ya jera irin wannan kira sau 1,000, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba yi a na'ura guda ba tare da ya ji komai ba, to ya ɓatar da kusan minti guda cur.

Illa ta huɗu ita ce mafi wuyar sha'ani. Misalinta kamar attajirin da ya aiki yaro da kuɗi zuwa wani gari, shiru ba labari: bai sani ba ko yaron bai isa ba, ko ya isa ya biya amma hanya ta tsare shi a komowa, in ya sake aikawa yana iya biya sau biyu, in ya ƙyale yana iya zama da bashi a wuyansa. Maganin da masana suka yi ittifaƙi a kansa shi ne a yanka wa kowane kira wa'adin jira, a kuma ba kowace buƙata lambar da ta keɓanta da ita, domin in ta sake zuwa a gane ta, kada a zartar da ita karo na biyu.

Saboda haka wajibi ne malami ya fara da usuli kafin furu'a. Ya karantar da abin da masani Leslie Lamport ya bayyana a 1978, cewa agogunan na'urori ba abin dogaro ba ne wajen sanin abin da ya riga wani aukuwa; sa'an nan a ɗakin gwaji ya zare waya da gangan, ya kashe na'ura ana tsakiyar aiki, ya bar ɗalibi ya nemo inda lissafi ya karkace, gama abin da mutum ya gyara da hannunsa ya fi zama a zuciya bisa ga abin da ya haddace.

Zamani ma ya gaskata wannan tertibi, domin a 2018 an cire CORBA daga Java 11, sababbin kayan aiki irin su gRPC na Google sun shigo fage, amma illolin nan huɗu suna nan yadda suke. Wanda ya ƙoshi da usuli ya sauya kayan aiki ya ci gaba da sana'arsa. Wanda ya tsaya ga haddar umarnin tsari guda kuwa, tilas ya koma ya sake karatu daga farko.